Zanen Kawu Sule da Ba Ya Ɗauruwa

Damina ce, ta ƙarshen shekara, wadda idan ta kama a Yawunde wanki kan kwana uku a igiya bai bushe ba. Jar laka ta cika lungunan unguwarmu, Briketeri. Shekarar ta yi mana nauyi, don tsofaffin unguwa sun yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har muka daina kai tabarmin zaman makoki ɗakin ajiya. A cikinta Kawu Sule ya rasu, yayan mahaifiyata, tsohon tela.

Ku da kuka san shi kun san almakashinsa. Ɗan ƙarami ne, rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Idan ya shigo wuri, masu sabon ɗinki sai su fara tattare gefen riga, ana gaisawa ana ja da baya. Ba ɓarna yake yi ba. Daga cikin kalmasa yake yankar ƙyalle, faɗin yatsa biyu, inda ido ba ya kaiwa. Ya kai gida, ya ɗinka shi da hannu a jikin na jiya. Haka ya yi sama da shekara talatin, har abin ya zama zane guda wanda ko an ninke shi yana kai wa mutum ƙugu.

Wannan zanen ne ɗansa Bala, da ya zo daga Garwa don jana'iza, ya ce ya gama magana da wani mai matashi a kasuwar Mokolo. Washegarin sadakar uku mutumin zai zo ya kwashe, ya yayyanka, ya cusa a matasan kai, tunda mai gida yana son ɗakinsa. Na ji, na koma tabarmata. Ni dama ba mai magana ba ce. Amma kwana ukun nan ina zaune cikin mata ina amsa gaisuwa, hankalina yana kan abin da ke ninke a ƙuryar ɗaki.

Na tuna Alhaji Garba mai yadi. Wata Sallah ya ɗinka shadda mai tsayawa da kanta, Kawu ya zauna kusa da shi a benci yana yaba aikin wuyan, kafin a tashi ya samu rabonsa. Alhaji bai yi fushi ba. Bayan sati ma da kansa ya zo ganin inda aka sa shi. Sai ya tarar da shaddarsa manne da guntun rigar Tanko mai tsire, wadda mai da hayaƙi suka cinye launinta. Ya nemi a ciro shi a mayar kusa da na liman. Kawu bai ɗago daga allurarsa ba.

"Alhaji, ran Juma'a wa ke tsayawa a damanka?"

Alhaji ya ce Tanko ne.

"To ni abin da na gani nake ɗinkawa."

Bai taɓa sayen zare don wannan aiki ba. Bakin buhun shinkafa yake warwarewa, ko tsohuwar riga, ya naɗe a jikin tsinken tsire. Matarsa, marigayiya Gwaggo Asabe, ta yi shekaru tana tambayarsa abin da zai zama. Bargo ne? Ya ce a'a. Labule? A'a. Shimfiɗa? Ya ce wa zai taka mutane. Wata rana da zazzaɓi ya kama ta bayan azahar, ta ja gefensa ta lulluɓa. Da ta farka ta ce ta yi mafarki duk Briketeri sun hau ƙirjinta sun zauna. Kawu ya ce dubiya suka zo, kuma ko ruwa ba ta ba su ba.

Sai shekarar da wata Madam ta ga zanen. Malamar zane-zane ce a wata makaranta, ta zo karɓar ɗinki a shagon maƙwabta, ta hango gefensa an shanya a katanga. Ta daɗe a tsaye. Ta yi ta Faransanci da sauri, tana maimaita wani suna. Kawu ya tambaye ni abin da take cewa. Da ɗan Faransancina na kasuwa na ce masa da alama akwai mutane a duniya masu yin abin da ba a ci, ba a sawa, ba a zama a kai, sai dai a tsaya a duba, kuma har gida ake gina musu. Kawu ya ajiye allura. Ya ce ashe yana da dangi, ba a gaya masa ba.

Ya yarda a kai zanen wani gidan nuni a unguwar Bastos na wata guda, bisa sharaɗin a dawo masa da shi ba a wanke ba. Ranar buɗewa ni na raka shi a taksi, ya sa farar rigarsa ta Idi. Mun ga abubuwa. Akwai mutum da aka ƙera da salansar babura. Akwai ɗaki da ba komai a ciki sai ƙarar ruwa. Akwai tulin silifas da wani ya tsinto daga kwatoci ya jera har rufi. Wannan ya burge Kawu. Ya gaida mai aikin hannu biyu, ya sa na tambaye shi ko ya san masu takalman. Mutumin ya ce a'a. Kawu ya dubi tulin da tausayi, ya ce min a hankali, marayu ne.

Muna shiga babban ɗakin na ji ya tsaya cak. Sun rataya zanen a bango, amma a bai-bai. Bayan ne a waje: ƙulle-ƙulle, bakin zare yana reto, inda ya yi kuskure ya sake bi. Madam ta taho da murna tana bayani, wai a nan gaskiyar aikin take, a nan ake ganin hannun mutum. Baƙi suna gyaɗa kai. Ni kuwa na san abin da wannan yake nufi a wurin tela.

"Hajo, gaya mata," ya ce. "Shekara hamsin ina ɓoye bakin zare. Yau ta tara min manyan gari su ga cikin wandona."

Ban fassara duka ba. Ya tattare farar rigarsa ya zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin, ya ce a kawo tsani. Aka ba shi lemo, ya ƙi. Aka kawo kujera, ya ƙi. Madam ma ba ta da sauƙi, ta ce ba za ta rufe bayan ba. Da aka gaji, aka ɗaura igiya daga bango zuwa bango, zanen ya tsaya a tsakiya. Kawu ya ce wanda ya san mutanen ya duba ta gaba, wanda bai san su ba ya zagaya.

Muka kama hanyar dawowa har muka wuce unguwar Messa. Sannan ya ce bai taɓa ganin bayan daga nesa ba, ɗakinsa ba shi da faɗin da mutum zai ja baya. Ya ce ya ga wasu gidaje biyu da suka shekara goma ba sa ga maciji, ashe zare ɗaya ne ya riƙe su, kuma shi ya ɗinka bai lura ba. Ya ƙara da cewa kada in kuskura Madam ta ji.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Lokacin da Maryama, 'yata ta biyu, ta rasu tana shekara uku, Kawu bai iya yi min doguwar gaisuwa ba. Bayan kwana arba'in ya kira ni ɗakinsa, ya warware wani ninki, ya kama yatsana ya ɗora a kan wani ɗan ƙyalle ruwan ƙwai mai furanni. Rigar Sallarta ce. Rigar tun tuni na bayar. Ya ce duk ran da nake so in zo, ba sai na yi masa hira ba. Na sha zuwa.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mutane sun watse, na tarar da Bala yana ɗaure kayan mahaifinsa. Bala taubashina ne, ɗan namiji ni 'yar mace, kuma kun san tsakanin taubasai akwai wasa, akwai ƙwace, ba a kai ƙara. Shi ya yi amfani da wannan dama tun muna yara, ya cinye min alewa ba iyaka. Ni ban taɓa ba. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Bala, shekara arba'in ban ƙwace maka ko allura ba. Yau na zo ƙwace."

Ya juyo yana dariya, karo na farko tun da ya iso. Da ya ga inda nake kallo sai dariyar ta ragu. Ya tuna min ɗaki biyu gare ni, da miji da 'ya'ya huɗu, ya ce ko a kansa zan ajiye. Na ce wannan ba ruwan wanda aka yi wa ƙwace. Ya ce abin nan ya cinye musu uba, tun yana yaro bayan mahaifinsa kawai yake gani, a sunkuye. Ban musa ba, don gaskiya ce. Na dai ci gaba da tsayuwa. Can ya ce mai matashi zai zo ƙarfe takwas, abin da ya tarar nasa ne.

Allah Ya jiƙan Kawu Sule, Ya yafe masa abin da ya yanka ba da izini ba, Ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa ɗinkin mutane. Ya sanyaya zuciyar Bala.

Washegari, da na idar da asuba gari ya fara haske, na bi gida-gida na ƙwanƙwasa wa mata shida. Muka naɗe zanen a tsaye kamar tabarma, muka ɗora a ka, muka jeru. Ana yayyafi. Ni ce a gaba, ina gaya wa na baya inda laka take da santsi. Bala yana tsaye a ƙofa da buta a hannu. Da wutsiyar zanen ta fara ja a ƙasa, sai ya ajiye butar ya kama.