Maliki Badujala da baƙaƙen haƙoran fiyano

Shekara talatin da ɗoriya, in gari ya waye a Illela, kafin 'yan babur su fara ratsa hanyar Konni, za ka tarar da Maliki zaune bakin zaurensa, ƙahon badujala bisa cinya, yana shafa masa mai da tsumma. Tsohon mai busa ne a soja. In ya gama sai ya ɗora leɓe, ya hau murya takwas ɗaya bayan ɗaya, ya sauko, kamar mai gwada tsani. Mu masu rumfar albasa da wannan muke sanin lokacin buɗe buhu. Daga nan ya nufi firamare, inda ya koya wa rabin garin nan maci da busa, ba wanda ya taɓa kiran sunansa a lasifika.

Yanzu numfashi ya ragu, gobe ɗansa zai mai da shi ƙauyensu, Gidan Katta. Shi ya sa na ce a rubuta.

Bara Lubabatu mai kiɗan ƙwarya za ta aurar da ɗiyarta Konni. Tana so ta ɗauki waƙar rakiyar amarya da uwarta ke yi a Tozai, yarinya ta tafi da ita a waya. Ta je ɗakin ɗaukar waƙa na Dabo, sau uku ana farawa ana tsayawa, murya da fiyano sun ƙi haɗuwa. Dabo kuwa, kamar sauran masu fiyano na nan, fararen haƙoran kawai ya iya taɓawa. Baƙaƙen, a wurinsa ado ne.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Dabo. "Muryarki ta tahi. Ki bari in samo maki wata ta rera."

Matar da ta yi shekara ashirin tana raka amaren mutane ta fito tana share ido da gyale. Ta biyo ta rumfata, Maliki na zaune muna cin goro.

"Lubabatu, mi ya hwaru?"

"Baba, an ce na tsuhwa."

"Wa yac ce? Rera mani, ko layi guda."

Ta rera a nan, cikin warin albasa. Ya rufe ido, ya yi ɗan gunji a maƙogwaro, sai ya miƙe. "Tashi mu koma."

Na bi su, don ni ba a barina baya a irin wannan. Maliki ya ture Dabo gefe, ya ɗora yatsa a kan na ƙarshen baƙaƙen nan uku da ke jere. Baƙi, fari, baƙi, baƙi, fari, baƙi, baƙi, ya dire a kan baƙi.

"Nan gidan muryatta yake. A soja Bi filat maina muka ce mashi, mutanen Konni su ce si bemol. Baƙaƙe biyar duka, hwarare biyu. Ka ji taki na ukku yadda yas sunkuyar da kai? Shi ka sa mutum tuna gida. Kai kana ta jan ta inda ake murna, ita ko bankwana takai."

"Baba, baƙaƙen ga wuya gare su."

"Da ka sayi fiyanon, ragi anka yi maka saboda su?"

Dabo ya yi dariya, ya zauna ya koya, yatsa na zamewa ana sakewa, har la'asar. Da Lubabatu ta buɗe baki, sau ɗaya aka ɗauka. Ni na je Agadas, na je Kumasi, na ji mawaƙa iri-iri, amma ranar sai da na juya fuska bango, don na tuna ranar da aka fita da yayata.

Kai ne, Maliki, mai kunnen da ba ya yanke wa mutum hukunci kafin ya saurara. Kai ne ka san cewa in kiɗa da murya suka saɓa, ba kullum muryar ke da laifi ba. Mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma masu fiyano da masu koyarwa, Gidan Katta ba nisa, babur na zuwa. Ku je ku tambaye shi tun yana iya amsawa. Lubabatu dai tana nan tana waƙa, satin nan ma biki uku gare ta.