Ranar da na gane ciwon Babana ba jifa ba ne

Likitar ta daɗe riƙe da wuyan hannuna tana kallon agogonta.

A Kakuri ne, shekarun alif ɗari tara da tamanin, ina aiki a masaƙa. Likitoci suka zo binciken bugun zuciyar ma'aikata. Ni lafiyata lau, don in huta da ƙarar inji na shiga layi.

Ta manna min wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da siririyar takarda.

"Malam Sani, zuciyarka ba ta bugawa daidai. Akwai wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa a gidanku?"

"Babana. Amma shi an ce jifa ne."

"Irin wannan bugun kan sa jini ya yi guda, ya haura ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Wataƙila abin da ya same shi ke nan."

Shekara shida ba na gaishe da Baffana saboda zargin shi ne ya yi wa Babana jifan.

Aka ɗora ni kan magani. Ranar Juma'a na tafi Makera, na durƙusa gaban Baffa na nemi gafara. Dattijon ya yi ta kuka.

Ikon Allah, har yau ina mamaki. Ku ma kun taɓa zargin wani kan ciwon da asibiti ya gano daga baya?