Baƙon da Marlys Ba Ta Sallama Ba

A garin su Marlys Tervo, can bakin tabkin Superior, indararo ne ke fara sanar da mutane cewa hunturu ya gaji. Wata safiya sai a ji ɗis, ɗis daga bakin rufi, ƙanƙarar da ta yi wata da watanni tana kwance fara fat a tsakar gida ta soma dauɗa tana tsiyaya. Da Marlys ta ji wannan ɗigon takan ɗauko bokiti ta tara. Da ruwan nan take wanke gidanta ranar da dare da yini suka yi daidai, kuma shekara talatin da wani abu ba ta taɓa fashi ba.

Ba a cikin wannan hanyar ibada aka haife ta ba. 'Yar coci ce, ubanta ma'aikacin ramin tama, uwarta mai wankau. Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, Joelle, ta shiga aikin gyaran ɗakunan baƙi masu zuwa kamun kifi. A wurin aikin ta haɗu da Bernadine, doguwar mace mai kaifin baki da ta ɗan girme ta. Ita ta fara jan ta zuwa daji, inda wasu mata ke taruwa idan wata ya cika, suna gaida ƙasa da ruwa da wuta, suna kiran kakanni da sunayensu. Mutanen gari suka ce musu arna, masu ƙarin gishiri suka ce mayu. Marlys ba ta taɓa tsayawa musu da kowa ba. Abin da ya riƙe ta a hanyar shi ne a nan ta fara jin an ce shara ma ibada ce, ita kuwa hannunta ya san tsintsiya tun kafin ya san alƙalami.

Sharar tata kashi biyu ce. Da farko dauɗar da ido ke gani: daga sama zuwa ƙasa, daga ƙuryar gida zuwa ƙofa, a sauke labule, a kakkaɓe yanar gizo, a wanke bango da ruwan ƙanƙara da gishiri da ruwan khal. Sai an gama wannan tukuna take ɗauko tsintsiyar ƙirare wadda ba ta taɓa ƙasa, ta share iskar kowane ɗaki, hayaƙin busasshen ganyen itacen sida mai ƙamshi yana binta a baya. A ƙarshe ta buɗe ƙofar gaba ta ce: "Sanyi da cuta da ɓacin rai, da duk abin da ba shi da numfashi, ku bi hayaƙi ku fita."

Mijinta Orrin direban motar ture ƙanƙara daga titi ne. Bai yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba, bai kuma taɓa hana ta ba. Ranar babbar shara shi ke kashe murhu ya kwashe toka, shi ke ɓamɓare tagogin da sanyi ya liƙe, sannan ya bi ta riƙe da kaskon hayaƙi yana tarin ƙarya.

"Shugabar mayu," yakan ce, "wannan lungun ma da aljani, ko ɓera ne kawai?"

"Riƙe kasko daidai, Orrin. Kana zubar min da toka inda na goge."

Ya rasu lokacin da ganye ya fara ja. Yana faskare a bayan gidansu zuciyarsa ta tsaya. Marlys tana kicin tana feraye dankali, abin da ta lura da shi kawai shi ne ƙarar gatari ta daina.

Bayan 'yan makonni ranar kakanni ta zo, a ƙarshen Oktoba. A ranar nan in rana ta faɗi ana buɗe ƙofa, a kunna kyandir, a ajiye wa matattu farantinsu, a ci abinci tare da su ba mai magana. Idan an gama sai a kira kowa da sunansa, a yi masa godiya, a ce ya koma lafiya. Wannan ko sabon shiga ya sani: wanda ka gayyato, kai za ka sallame shi. Marlys ta ce wa matan da suke taruwa tare bana ita kaɗai za ta ci nata. Ta dafa miyar kifi irin wadda Orrin ke so. Da aka gama ta sallami uwarta, ta sallami ubanta. Da ta zo kan sunansa sai bakinta ya ƙi. Ta tashi a hankali ta tura ƙofa, ta bar shi a ciki.

Haka suka yi hunturun nan su biyu. Ba ta taɓa ganin komai ba, ba ta kuma nemi ta gani ba. Ta dai san gidan da mutum. In ta zauna kusa da murhu, gefen hagunta ya fi ɗumi. Takan ba shi labarin yaron da aka ba motarsa, yadda yake barin tulin ƙanƙara a bakin ƙofar mutane. Ta rage fita, don ba a barin baƙo shi kaɗai. Joelle ta yi ta bugo waya daga birni tana cewa, "Mama, ki zo ki zauna wurinmu zuwa sanyi ya wuce," ita kuma tana cewa bututun ruwa zai daskare in ba kowa.

Sai indararo ya fara ɗiga. Ta tara ruwan don hannunta ya saba, amma duk ɗigon da ya faɗa bokiti a ƙirjinta take jin sa.

Ranar sharar Bernadine ta iso da hantsi a tsohuwar motarta, takalmanta duk taɓo.

"Na zo riƙe kasko," ta ce. "Amma tarin ƙarya ban iya ba, nawa na gaske ne."

"Cire takalman nan kafin ki shigo min gida, ke doguwa."

Suka kama aiki. Marlys ta hau kujera tana sauke labule, Bernadine tana kwashe toka tana zagin gwiwoyinta. Tagar ɗakin kwana ta ƙi buɗuwa sai da suka haɗa ƙarfi da wuƙar burodi. Iska mai sanyi ta shigo da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin rana ta karkata gidan yana sheƙi, ƙamshin ruwan khal ya cika ko'ina. Bernadine ta hura garwashi a kasko a bakin ƙofar baya, ta shigo da shi. Ta tarar da Marlys tana goge tagar kicin da ta riga ta goge.

"In kika ƙara shafa gilashin nan zai huje."

"Akwai tabo."

"Tabon a idonki yake, tsohuwa. Zo mu yi, garwashi na mutuwa."

Marlys ba ta juyo ba. "Bana a bar hayaƙin. Ai gidan ya yi tsabta."

Bernadine ta ajiye kaskon bisa murhu. "Ke ce ke faɗin haka? Ke da kika sa na sake sharar gidana kaf don na fara daga ƙofa?" Ta dubi ƙawarta, sannan ta dubi rigar sanyin Orrin da ke rataye a ƙusa, wadda aka goge bango ta kowane gefe ba a ɗaga ta ba. Muryarta ta sauka. "Marlys. Ba ki sallame shi ba."

"Na sallami Mama da Baba."

"Ba su na tambaye ki ba."

"To ina zai je cikin wannan sanyin, Berni? Ko hularsa bai ɗauka ba."

Bernadine ta jawo kujera ta zauna da nauyi. "Haba 'yar'uwa. Cin abinci ɗaya muke gayyatarsu, ba zaman haya ba. Kuma a rasa wanda za a kulle a ɗaki duk hunturu sai Orrin? Mutumin da ranar bikin 'yarsa ya sulale waje wai zai duba tayar mota?"

Dariya ta kuɓuce wa Marlys, kafin ta ƙare ta zama kuka. Ta danne bakinta da tsumman goge taga.

"Wancan karon ba da sanina ya tafi ba," ta ce. "Ina feraye dankali. Yanzu kuma ni zan tsaya a ƙofa in kore shi da bakina, in haɗa shi da sanyi da cuta?"

"Ni nawa mijin da ƙafarsa ya tafi, da wata mai gyaran gashi, ban sha wahalar sallamarsa ba." Bernadine ta share hanci da bayan hannu. "Kuma ba zan faɗa a madadinki ba, gidanki ne. In kin ce a kashe garwashi sai in kashe, mu sha kofi. Ba wanda zai ji a bakina."

Suka zauna. Tagogi duk a buɗe, sanyi yana yawo a ɗakuna kamar mai neman wani abu. Can sai wata ƙara ta taso daga wajen tabki, mai zurfi, kamar an harba bindiga a nesa, wata ta biyo ta a hankali tana gurnani. Ƙanƙarar da ta rufe tabkin ce ta fara tsagewa. Marlys ta ɗaga kai. Duk shekara in Orrin ya ji wannan ƙarar, ko cokali ne a bakinsa zai ajiye ya nufi gaɓa, ya tsaya hannu a aljihu yana kallon baƙin ruwa yana ɓullowa. Yakan dawo fuskarsa ja, ya ce shi da ƙanƙara sun tashi daga aiki.

"Yana jin ta," Marlys ta ce. "Yana ji, kuma yana nan zaune saboda ni."

Ta miƙe ta ɗauko tsintsiyar ƙirare. Bernadine ta watsa ganyen sida a garwashi, hayaƙi ya tashi fari. Suka fara daga ɗakin baya. Ba mai tari, ba mai tsokana. Marlys tana share iska a hankali, lungu lungu, hayaƙin yana shafa bango yana bin tagogi. A ɗakin kwana ta daɗe a gefen gadon da Orrin yake kwanciya, Bernadine ba ta ce mata ta yi sauri ba.

Da suka iso ƙofar gaba ta buɗe ta gaba ɗaya. Ba ta fara da maganar shara ba. Ta jingine tsintsiya, ta gyara gashinta da hannu biyu, ta matsa gefe kamar yadda ake ba mutum hanya.

"Orrin, na gode da zuwa. Na riƙe ka da yawa. Ka koma lafiya."

Ta jira kaɗan. Sannan ta ɗauki tsintsiya ta faɗi sauran, na sanyi da cuta da ɓacin rai, da murya irin ta mai aiki. Hayaƙi ya bi ta kafaɗarta ya fita, iska ta karkata shi wajen tabki.

Ta juya ta dubi cikin gidan. Tsaf yake, haske har ƙarƙashin tebur, kuma bai taɓa yi mata girma haka ba.

Bernadine ta zagaya ta rurrufe tagogi, ta jera itace a murhu ta kunna sabuwar wuta, ta ɗora ruwan kofi. Da ta dawo Marlys tana nan tsaye, ɗigon rufi yana fantsamo wa dandamalin da suka wanke.

"Rufe ƙofar mana, za ki kashe mu da sanyi."

"Bari ya ɗan yi nisa tukuna," in ji Marlys. "Kin san gwiwar nan tasa, ba ya sauri a taɓo."