Ranar da Aka Ce Kayana Jabu Ne

Ni ban yi nisa a lakwal ba. A aji biyar na tsaya na koma kasuwa, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Shekara ashirin ina da butik ɗin salula a bakin babban titin Tasawa, kusa da tasha. Wanda duk ya saba saye wurina ya san halina. In na ce wannan na asali ne, to na asali ne. In na kwaikwayo ne, zan faɗa mashi tun bai sa hannu aljihu ba. Gonar gado na bar wa ƙannena, sunan nan kaɗai na riƙe.

Ƙanena da ke bi mani yana zuwa China sarin waya. Wata tafiya ya haɗo mani da kwali ɗaya na abin wasan nan na hannu da samari ke ce wa gem, sabon samfuri, guda goma sha biyu. Can an fara sayar da shi, nan kuwa ba wanda ya taɓa ganinsa. Kwalin ya biyo ta Kano, aka yi mashi duwan, wato kwastan, yadda ya kamata. Rubutun ciki irin na can ne, ban gane ko harafi ɗaya ba. Kwana uku ina latse-latse ina haddace inda kowane maɓalli ke kai ni, har na iya. Masu dawowa daga haƙar zinariya suka ɗauki biyar.

Sai ga wisiye daga Maraɗi, ma'aikacin nan mai kai takardun shari'a. Ya tsaya ƙofar butik ya ce wani kamfani a Yamai shi kaɗai ke da izinin shigo da abin ƙasar nan, kuma ranar fito da shi ba ta yi ba. Ya ƙara wata kalma da Faransanci.

Na ce, "Mushe, wannan ta ƙarshen fa?"

Ya ce, "Jabu. Sun ce kayanka jabu ne."

A gaban mutane ya faɗi haka. Ya kwashe bakwai ɗin da suka rage. Kafin kasuwa ta zagayo, wani mutumin Korgom ya maido mani wayar da ya saya tun damina, lafiyarta lau. Telan da ke kusa da ni kuwa kullum sai ya leƙo: "Alhaji mai asali, yau me aka ƙera mana a bayan gida?"

Kamfanin ya aiko cewa in sa hannu a wata takarda, a bar magana. Abokai suka ce, sa kawai ka huta, kai wa ka sani a Yamai? Na kai wa wani tsohon mushen lakwal, malamin makaranta, ya karanta mani. Kalmar nan tana ciki. Na ce ba ni sawa. Sai suka kai ni kotu.

Ranar shari'a ban ɗauki aboka ba, wato lauya, ni da tafinta ne. Abokan kamfanin ya miƙe da baƙar riga ya yi ta zuba, har wani tsoho a baya ya fara gyangyaɗi. Da aka zo kaina na ce, "Ranka ya daɗe, ni tambaya ɗaya gare ni. A kasuwa, in mutum ya ce abu jabu ne, yana ɗauko na asalin a aje su gefe da gefe. Ya ɗauko nasu mu gani."

Aboka ya juya takardunsa. Ya ce nasu bai iso ba tukuna, yana kan ruwa.

Na ce, "To da me ka gwada nawa?"

Aka yi dariya har alƙali ya buga tebur. Ya sa aka buɗe ɗaya daga cikin nawa, ya miƙa wa aboka ya ce ya kunna. Mutumin ya juya shi gaba, ya juya shi baya, kamar an ba shi jaririn wani. Na karɓa na kunna, na shiga wasan tseren mota na miƙa wa alƙali. Bai yi murmushi ba, amma ya ɗan jima kafin ya aje.

Ya sa aka tura lambobin da ke jikinsu ga masu ƙera abin. Makonni aka yi. Amsa ta zo, duka na asali ne. Amma hukunci kashi biyu ya fito. Jabu, babu. Sayarwa kuma, ba ni da izini sai ranar da kamfanin ya fito da nasa, kayan su zauna a kulle har lokacin. Har yau wannan kashin yana ci mani rai. Kaya nawa, duwan ta buga hatimi, wai wani da ke zaune cikin sanyi a Yamai shi ke da ranar.

Tsohon mushen ya juya mani hukuncin zuwa Hausa. Ranar kasuwa na kira mai shela, aka karanta mashi har ya riƙe.

Ya ce, "Alhaji, in tsallake inda aka kada ka ko?"

Na ce, "Faɗi duka. In ka ɓoye ɗaya, za su ce ɗayan ma ƙarya ne."

Na tsaya ƙofar butik, hannu a baya, ina jin shi yana faɗa wa Tasawa cewa an hana ni sayarwa kuma kayana na asali ne. Ban shiga ciki ba sai da muryarsa ta ɓace wajen ƴan hatsi.