Baba Injiniya da Duron Sabulu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, ina tsakiyar darasi 'yarka ta kira ni ta ce ka rasu. Na ajiye alli, ɗalibai suka karanta labarin a fuskata.

Baba Injiniya, ni ce malamar kimiyya, amma sai da ka yi ritaya daga masana'antar sabulu ka fara zuwa makarantarmu duk Asabar na gane rabin karatu nake bayarwa. Ina nuna wa yara yadda mai da soda ke zama sabulu a kofi, kai kuwa sai ka ce, "To, in gari guda ne zai yi wanka fa?" Ka koya musu cewa aikin injiniyan sinadarai shi ne ya mai da abin kofi na duro ba tare da ya ƙona kowa ba.

Ba zan manta Asabar ɗin da ka makara ba. Zumuɗi ya kwashi yaran, suka ninka awon kofi suka juye a duro gaba ɗaya. Haɗin ya ɗau zafi, ya kumburo, ya malale har bakin ƙofa. Ni raina ya ɓaci. Kai da ka shigo, hannayensu ka fara dubawa, sannan ka yi dariya ka ce, "Lissafinku daidai ne, 'ya'yana. Da me kofi ya fi duro?"

Yarinyar da suke kira Tsit saboda shirunta ta ce, "Kofi yana saurin hucewa, Baba. Duro riƙe zafinsa yake yi."

Shugaban makaranta ya rantse sai ya rufe ɗakin gwajin. Ka bi shi har ofis ka roƙi a ba su dama ɗaya, in duro ya sake malala ya sa kwaɗo. Sai ciwo ya kwantar da kai, ba ka ga ranar ba.

Asabar da ta wuce suka gwada. Suka zaunar da duron cikin bahon ruwan sanyi, suna zuba soda kaɗan-kaɗan, Tsit tana riƙe da ma'aunin zafi, ita ke cewa a zuba ko a dakata. Shugaba yana bakin ƙofa da kwaɗo a hannu. Haɗin ya yi kauri ya kwanta lafiya. Shugaba ya leƙa duron, ya sa kwaɗon a aljihu, ya tambayi Tsit ƙarfe nawa za su zo mako mai zuwa. Nan na yi kukan da na riƙe tun Talata.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ilimin nan ya bi ka. Mama, uwargidan Baba, ke da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Sabulun farko yana bushewa a taga, yara sun ce naki ne.