Tukunyar Kunun da Ban Kifar Ba

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na gano cewa laifin da na yi shekara ashirin ina roƙon gafararsa ba ni na aikata ba. Har yau in na tuna sai takaici ya kama ni.

Ƙanena yana da tabon ƙuna a hannun dama, yatsu uku sun manne tun yana rarrafe. A gidanmu na Ƙofar Sauri kowa ya san labarin: ranar da mata suka fara fita jefa ƙuri'a, lokacin da soja za su miƙa mulki karon farko, aka bar mini shi ina 'yar shekara biyar, na tafi wasa, ya jawo tukunyar kunu. Innarmu ta rasu bayan shekara guda, sai Goggo, ƙanwar babanmu, ta riƙe mu. Ita ce mai ba da labarin. Da baƙo ya tambayi hannun yaro sai ta nuna ni da baki, ta ce, "Ga mai aikin nan. Ai kin tuna, ko?" In sunkuyar da kai in ce na tuna.

Kuma wallahi na tuna! Ina ganin murhun, ina ganin kunun yana malala, ina jin ihun yaron. Shi ya sa in muka yi faɗa da ƙanena ya ɗaga mini hannun nan, sai in yi tsit. Da na haifi ɗiyar fari, ko kusa da wuta ban iya zuwa da ita.

Shekarar da soja suka sake miƙa mulki ina karatun malanta. Malaminmu na ilimin halayyar ɗan Adam ya ce ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce. Takan ɗauki abu, ta ajiye, ta ɗauko, kuma duk ɗaukowa sai ta cusa masa abin da mutum ya ji daga baya, ba ta gaya maka ta yi ba. Na rubuta don jarrabawa kawai, ina cewa a raina 'yan boko ba sa rasa surutu.

Ba a yi wata ba na ci karo da tsohuwar maƙwabciyarmu a Babbar Kasuwa, wata nas 'yar Filato. Bayan mun gaisa ta tambayi ƙanena. Na ce, "Yana lafiya, Mama. Ni dai Allah ya yafe mini."

"Ya yafe miki me?"

Na gaya mata. Ta ajiye kwandonta ta ƙura mini ido. "Ke? Haba yarinya! Ranar kina gadon asibiti, ƙyanda ta rufe miki ido, innarki na zaune a kanki. Ni na karɓi jaririn daga hannun goggonki, tawadar ƙuri'a ko bushewa ba ta yi ba a yatsanta."

Ban san yadda na isa unguwar Gobarau ba, inda Goggo take aure. Ko zama ban yi ba na zazzage mata abin da ke cikina. Ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. "Da idona na gan ki kin bar shi! Ni za ki yi wa ƙage bayan na goya ki?" Na duba fuskarta ina neman ƙarya, ban samu ba. Ta maimaita labarin har ita ma ya zame mata gaskiya.

Na wuce rumfar babanmu na titsiye shi da maganar. Yana jan carbi ya ce, "Ke yarinya ce, na ɗauka za ki manta. Ita kuwa babba ce, kunya za ta yi mata yawa."

Za ki manta! Kun ji fa! Aka ɗora wa 'yar shekara biyar abin da babba ta kasa ɗauka, don kawai an ga ba ta da bakin musu. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar, kuma har yanzu ban yi nadama ba.

Na je wa ƙanena da gudu, ina zaton zai rungume ni. Ya saurara, ya girgiza kai ya ce, "Yaya, ki bar wannan magana. Ni ma ina tuna ki a wurin." Mutumin da ko tsayuwa bai fara ba a lokacin!

Abin da na koya ke nan: yaro ba ya mantawa, abin da manya suka zuba masa yake ajiyewa, ko ba nasa ba ne. Kuma mutum ya rantse ya gani da idonsa bai isa a kama wani da laifi ba. Goggo ta rasu bara waccan. Ta sa aka kira ni tana jinya, ta riƙe hannuna, ta ce in kwantar da hankalina, ta yafe mini.