Ƙarshen da Baba ya yi wa littafina

Babanmu mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi. Duk shekarun da ya yi yana tuƙi a Alƙahira bai daina ganin ya san ruwa ba. Bara Allah Ya karɓi abinsa.

Ina aji biyar na firamare ya kai mu Iskandariyya hutun zafi, ni da Umma da ƙanwata. Na tafi da wani tsohon littafin Larabci da ya saya mini a unguwar Darrasa, labarin yaron da ya ɓata a jirgin ruwa yana neman hanyar gida. Babi ɗaya ya rage mini.

Baba ya shimfiɗa mana tabarma dab da ruwa, gaban laimomin Misirawa.

"Malam, ka ga kowa ya ja baya," in ji Umma.

"Tsoro ne. Ruwa ya san iyakarsa."

"Na garinku ke nan."

Muna gina gidan yashi da ƙanwata igiyar ruwa ta hau tabarmar. Ta tafi da takalmin Umma ƙafa ɗaya. Littafin kuwa Baba ya tsamo shi, amma bayansa ya zama kamar tuwo. Na yi kuka, ina da girmana. Wani mai sayar da gasasshiyar masara ya ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri.

Sai a jirgin ƙasa, muna komawa unguwarmu Dokki, Baba ya taɓa gwiwata.

"A ina ka tsaya? Ai na san littafin."

Bai san shi ba, Larabcinsa na titi ne. Amma ya ɗauko labarin da Hausa, a hankali, yana kallon gonaki ta taga. Yaron ya samu kwalekwale, wani masunci ya ba shi fura, ya bi kogi har ya hango rimin garinsu.

"A teku aka samu fura?" Umma ta tambaya.

"Ke dai ki ji da takalminki."

Na gane ƙirƙira yake yi, na kuma yi shiru har yaron ya shiga gida ya gaida uwarsa.

Kwanan baya na ga irin littafin a shimfiɗar wani mai tsofaffin littattafai. Na ɗauka, na buɗe daidai inda na tsaya. Mai kayan ya ce in karanta, ba komai. Na yi masa godiya na mayar da shi wurinsa.